Daga Akwatin Wasiƙunku: Ƙafafun Ƙarfen da ke Daidaita Motar Safa

 

Yau wasiƙa ɗaya ce za ta cinye mana filin, domin tambayar da ke cikinta ta zo da 'ya'ya da jikoki. Wani mai sauraronmu ne ya rubuto, ɗan kasuwa mai bin kasuwannin mako da atamfa da yadi. Ya ce ɗansa ya nuna masa wani hoto mai motsi a waya, inda wani Ba'amurke ya mayar da tsohuwar motar safa gidan kwana, da gado da wurin girki da makewayi duk a ciki. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, da mutumin ya tsaya a wuri mai gangare sai ya danna wani maɓalli, sai ga ƙafafun ƙarfe huɗu sun sauko daga ƙarƙashin motar sun dafa ƙasa, motar ta miƙe ta daidaita. Yana so ya san mene ne wannan, yaya ake sa shi, sa'an nan da yake shi ma yana cinikin wata tsohuwar safa don ya mayar da ita kanti da wurin kwana, ko zai iya sa mai waldan garinsu ya haɗa masa irinsa da silindar tsohuwar tifa.

To Alhaji, mun gode da wannan wasiƙa, Allah Ya bar zumunci. Abin da ka gani gaskiya ne, ba dabo ba ne. A Amurka da Kanada akwai mutane da dama masu sayen safar da kamfanonin sufuri irin su Greyhound suka gama mora, su cire kujeru su gina ɗaki a ciki. Wasu tsofaffin ma'aikata ne da suka yi ritaya suna yawon ganin ƙasa, wasu mawaƙa ne masu bin gari gari. Motocin da aka fi yi wa wannan aiki su ne na kamfanin MCI da na Prevost. Shi wannan Prevost ɗin ma wani kafinta ne a lardin Kwibek na Kanada ya kafa shi, wanda ya ƙera gangar jikin safarsa ta farko da katako a 1924. Tsawon irin waɗannan motoci mita 12 ne zuwa kusan 14, kuma in an gama zuba musu kaya da tankunan ruwa nauyinsu yakan kama daga tan 15 har ya haura 20. Ka riƙe wannan nauyi a ranka, don duk maganar da za mu yi a kansa take tafiya.

Me ya sa suke damuwa da daidaita mota? Wanda ya taɓa kwana a bayan a-kori-kura a kan gangare ya san amsar farko, kai a ƙasa ƙafa a sama, gari ya waye wuya ya ƙage. Ban da wannan, mai yakan taru a gefe guda na kasko, ruwan wanka ya ƙi bin magudana, ƙofa ta dinga buɗe kanta. Amma babban dalilin shi ne firji. Yawancin gidajen mota na can sun daɗe suna amfani da firji mai aiki da gas, ɗan'uwan firjin kananzir ɗin nan da aka saba ajiye allurar rigakafi a ciki a ɗakunan shan magani na ƙauye. Irin wannan firji ba shi da inji. Wuta ce ke tafasa ruwan amoniya, tururin ya hau sama, ya huce, ya gangaro da kansa ta cikin bututu. Idan firjin ya karkace, ruwan ba zai gangaro yadda ya kamata ba, tukunyar ta yi zafi fiye da ƙima, bututun ya toshe, kuma toshewar ba ta gyaruwa. Masu ƙera shi sukan rubuta cewa kada karkatar gefe da gefe ta wuce digiri 3, watau kamar santimita 5 a kowace mita ɗaya. Firjin lantarki mai inji bai cika damuwa da wannan ba, shi ya sa da yawa yanzu suka koma kansa, amma sauran dalilan suna nan.

Yanzu ga su ƙafafun. Jak ne, irin wanda kowane direba ya sani, mai kama da kwalba, mai aiki da mai, wanda ake kira haidirolik. Bambancin kawai shi ne an kifa shi, an ɗaure shi a jikin mota, kuma famfon lantarki ne ke tura man maimakon hannun yaron mota. Sirrin abin wani masani ɗan Faransa mai suna Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ya bayyana shi: ruwa ko mai in an kulle shi a cikin mazubi ba ya matsuwa, duk matsin da ka yi masa a wuri guda sai ya isar da shi ko'ina daidai wa daida. Alal misali, a haɗa bututu biyu, ƙarami da babba, bakin babban ya ninka na ƙaramin sau 20 a faɗin fili. In ka ɗora kilo 50 a kan ƙaramin, babban zai ɗaga kilo 1,000. Sai dai ba a samun riba a banza, sai ka tura ƙaramin santimita 20 kafin babban ya motsa santimita ɗaya, shi ya sa yaron mota yake ta buga hannun jak yana zufa, mota tana tashi kaɗan kaɗan. Joseph Bramah na Ingila ya yi rajistar injin matsa kaya mai wannan dabara a 1795, sa'an nan Richard Dudgeon ya fito da jak ɗin da ake iya ɗauka a hannu a birnin Niyok a 1851. Manoma kuwa kun san abin tun ba yau ba, shi ne ke ɗaga garmar tarakta a ƙarshen kunya, shi ne kuma ke ɗaga bayan tifa ta juye yashi.

Kayan da ake sayarwa a can sukan zo a haɗe: jak huɗu, famfo da tankin mai, bawul-bawul masu buɗewa da lantarki, tiyo masu jure matsi, da ɗan allon maɓallai da ake kafawa kusa da direba. Daga cikin masu ƙera su akwai kamfanin HWH da ke wani ƙaramin gari mai suna Mosko a jihar Ayowa, ba Moskon Rasha ba, akwai kuma Bigfoot a jihar Mishigan. Famfon yakan matsa man har kusan kilo 200 a kan kowane murabba'in santimita. In ka yi lissafi, silinda mai faɗin baki santimita 8 za ta iya tura kusan tan 10. Ka ga ke nan abin da ka gani a waya yana sauka a hankali kamar wasa, ƙarfinsa ya isa ya lanƙwasa ƙarfe.

Aikin sawa ba da walda yake farawa ba, da sikeli yake farawa. Masu yin abin da kyau sukan kai motar sikelin awon manyan motoci bayan sun cika tankin ruwa da na mai sun loda kayansu, a auna gaba daban, baya daban. A safa injin a baya yake, saboda haka wajen kashi biyu cikin uku na nauyin a baya yake zama. Motar da ta yi tan 18, baya zai ɗauki kamar 12, kowane jak na baya ke nan tan 6 ne rabonsa a fili mai kyau, a gangare kuwa ɗaya zai iya ɗaukar fiye da haka. Don haka ake sayen wanda ƙarfinsa ya zarce lissafin da rata mai yawa, kuma na baya sukan fi na gaba girma.

Sai babbar magana, wadda a nan ne mutane suka fi yin asara: a ina za a ɗaure shi? Mu da muka saba da roka da tifa mun san mota tana da shasi, dogayen ƙarafa biyu masu kauri tun daga gaba har baya, gangar jiki a kansu take zaune. To safar Amurka irin su MCI ba haka take ba. Ba ta da waɗannan dogayen ƙarafa daga farko har ƙarshe. Gangar jikin ce gaba ɗaya, da bangonta da rufinta da haƙarƙarinta, take ɗauke da nauyin, kamar dai kwando, wanda ƙarfinsa a saƙarsa yake, ba a tsinke ɗaya ba. In ka tokare irin wannan mota a ƙarƙashin ɗakin kaya na tsakiya, jak ɗin zai huda ya shige ciki ne kawai, ko ya lotsa wurin. Wuraren da ke iya ɗaukar nauyi su ne kusa da tayoyi, inda kamfanin ya ƙarfafa domin ɗaurin ƙafafun motar, kuma littafin kowace mota yana nuna inda aka yarda a sa jak. Safar da ta fi yawa a hanyoyinmu, irin su Marcopolo ta ƙasar Barazil, gangar jiki ce da aka ɗora a kan ƙarafan Mercedes ko Scania ko Volvo, amma ita ma da yawa ƙarafan ba su zarce ba, akwai na gaba akwai na baya, tsakiyar ɗakin kaya ne. Saboda haka Alhaji, kafin komai sai an san wace iri ce taka, sa'an nan a duba tsatsa. Motar da ta yi shekara 20 tana shan ruwan sama, ƙarfen da ka gani da fenti mai kyau wataƙila in an buga masa guduma sai ya zube kamar ɓawon gyaɗa.

In an sami wurin, sai a yanka farantin ƙarfe mai kauri a yi wa jak mazauni, a ƙara masa tokara ta gefe, domin mota in tana tashi takan ɗan ja gefe, ba tsaye cak take hawa ba. A motar da ke da shasi, ƙa'idar makanikai ita ce a huda bangon ƙarfen na tsaye a ɗaure da noti masu ƙarfi, irin masu lamba 10.9 a kai, kada a huda ko a yi walda a leɓen sama ko na ƙasa, don nan ne ƙarfen ke ɗaukar wahala, nan ne kuma tsagewa ke farawa. In dole sai an yi walda a wani wuri, a cire kan batir, a cire wayoyin kwamfutar inji in motar tana da ita, a kuma kare tiyon iska da na mai daga tartsatsi. A lura da tsayi kuma. Jak in ya naɗe bai kamata ya fi sauran kayan ƙarƙashin mota sauka ba, musamman na bayan tayar baya, in ba haka ba kwalbatin farko da aka hau zai tafi da shi. Shi ya sa wasu ake yin su masu lanƙwashewa, su kwanta in ana tafiya, su miƙe in za su yi aiki.

Maganar wuta da mai gajeruwa ce. Famfunan da yawa na bolt 12 ne, alhali safa da yawa bolt 24 take amfani da shi, sai a tabbata kafin a saya. Famfon yana jan wuta sosai, yana son waya mai kauri da fis kusa da batir. Man da galibi ake zuba masa shi ne jan man giyar mota mai canja giya da kanta. Kada a kuskura a zuba man birki, yana cinye robobin ciki. Tiyo a ɗaure shi nesa da salansa da duk inda zai goga. Sa'an nan a sa fitila da ƙararrawa a gaban direba masu kuka in an tayar da mota alhali jak bai gama naɗewa ba, don ɗan Adam ajizi ne, wata rana sai an manta.

Akwai wani abu da ya kamata a fahimta game da safa, shi ne yawancinta a kan iska take zaune. Tun 1953 kamfanin General Motors ya fito da safa mai jakunkunan roba cike da iska a maimakon sifirin na ƙarfe, kuma yau kusan duk manyan safa haka suke. Akwai wani bawul da ke lura da tsayin motar, in ta yi ƙasa ya ƙara iska, in ta yi sama ya rage. Don haka masu jak sukan fara sauke iskar, motar ta zauna ƙasa, kana su saukar da ƙafafun, ta yadda ba sai an ɗaga ta da nisa ba. In za a tashi kuma, a naɗe jak, a jira iska ta cika, sa'an nan a ja. Wasu masu irin waɗannan motoci ma ba sa sa jak sam, sai su sa wa jakunkunan iskar bawul na hannu, su ƙara wa wannan kusurwa su rage wa waccan. Yana da araha, sai dai gyaransa na 'yan santimita ne, kuma in akwai yoyon iska kafin asuba motar ta sake karkacewa.

Wajen ɗagawa kuma akwai ladabi. Ku dubi murhu, duwatsu uku ne, ko a ina ka kafa su tukunya ba ta rawa. Kujera mai ƙafa huɗu kuwa in ƙasa ba daidai take ba sai ta yi ta gurgunta. Mota mai jak huɗu kamar kujerar nan take. In ka ɗaga kusurwa ɗaya ita kaɗai, gangar jikin za ta murɗe, ƙofa ta ƙi rufuwa, gilashin gaba ya tsage ko ya fita daga robarsa, kuma ka san kuɗin gilashin safa. Saboda haka ake ɗaga su biyu biyu, na gaba tare, ko na baya tare, ko na gefe guda tare. Wasu ma sukan haɗa na gaba biyun a tiyo ɗaya su raba nauyi tsakaninsu, sai motar ta zama kamar a kan duwatsun murhu take.

Yanzu jama'a a kasa kunne da kyau, don wannan ya shafi har wanda bai taɓa mafarkin sayen safa ba. Birkin ajiye mota tayoyin baya yake kamawa. In jak ya ɗaga baya har tayoyin suka bar ƙasa, babu sauran abin da ke riƙe da motar, tan 18 za ta gangara ta karya ƙafafun ta faɗo. Don haka ba a ɗaga tayar baya daga ƙasa, kuma ana sa weji kafin a fara. In gangaren ya yi yawa, a sake wuri. Na biyu, ƙasa. Jak mai ɗauke da tan 5 a kan tafin ƙarfe mai faɗin santimita 25, kowane murabba'in santimita na ƙasa yana shan kilo 10 ke nan. A filin kasuwa da damina sai ya nutse kamar turmi a laka. In ka shimfiɗa katako mai kauri, rabin mita ta kowane gefe, nauyin ya koma kilo 2. Na uku, kuma shi ne mafi girma, kada mahaluƙi ya shiga ƙarƙashin motar da mai ko iska kaɗai ke riƙe da ita, ko da na minti ɗaya ne, ko da ɗauko sifana ne. Tiyo yakan fashe, roba takan saki, kuma ba sa sallama. Safar da iskarta ta sauka, ratar da ke tsakaninta da ƙasa ba ta isa ƙirjin mutum ba. Sai an tokare da gungumen katako mai ƙwari ko tokarar ƙarfe da aka yi domin haka. Bulon siminti ba tokara ba ne, yana rugujewa farat ɗaya. Makanikai da yaran mota da masu tarakta, wannan da ku nake, har da mai shiga ƙarƙashin bayan tifa da aka ɗaga ko garmar da ke rataye. Haka nan in tiyo yana yoyo kada a shafa da hannu don neman wurin, a kara kwali. Man da ke fita ta ƙaramar huda da irin wannan matsi yana huda fata kamar allura, ciwon ya yi kamar ba komai, alhali yana iya kai mutum ga rasa yatsa. Wanda abin ya sama a kai shi asibiti nan take.

To Alhaji, mu dawo kan silindar tifa. Ni dai ban ba ka shawara ba. Silindar tifa galibi mai ne ke tura ta waje, nauyin bodi ne ke mayar da ita ciki. In ka kifa ta a ƙarƙashin mota, wa zai mayar da ita? Jak ɗin da aka yi domin wannan aiki yana da sifirin mai janye shi, ko kuma man ne ke tura shi gaba da baya. Ban da haka ta yi tsawo, ba ta da tafi, kuma ba a yi ta don jure turin gefe ba. Mai waldan garinku wataƙila gwani ne a ƙofa da taga da amalanke, Allah Ya ƙara masa basira, amma wannan aikin na wanda ya san ƙirar safa ne. Na kamfani kuwa kuɗinsa dubban daloli ne kafin a yi maganar dako da kwastan, kuma ranar da bawul ɗaya ya lalace a kasuwar ƙauye, ba a nan kusa za ka same shi ba. Kuɗin nan in ka zuba shi a taya da birki da atamfa ya fi maka.

Abin da zai biya maka bukata yana wurin mai sayar da katako. A samo katako mai kauri, faɗinsa ya ɗauki tayar gaba ɗaya, a baya kuma ya ɗauki tagwayen tayoyin duka biyu, kada a bar ɗaya tana lilo. A yanka shi tsawo uku, dogo da matsakaici da gajere, a jera a buga ƙusa ya zama kamar matakala. In ka isa kasuwa sai ka duba gefen da ya yi ƙasa, ka ajiye matakalar a gaban tayar wannan gefe, direba ya hau a hankali mataki ɗaya ko biyu, a ja birki, a sa weji. Wajen aunawa ka sayi ma'aunin nan na magina mai ƙwayar iska a cikin ruwa, in babu ka zuba ruwa a faranti ka ajiye a tsakiyar mota, zai gaya maka gaskiya. Su kansu Amurkawan da yawa da haka suke yi, ba kowa ke da ƙafafun ƙarfe ba. Da yake kasuwanninka sanannu ne, kowane mako wuri ɗaya kake tsayawa, kana iya neman izinin sarkin kasuwa ka sa a baje maka wurin da tsakuwa sau ɗaya, ka huta.

Mai sauraronmu da ya yi tambaya a kan ajiyar wake ba tare da ƙwari sun ɓata shi ba, da wadda ta yi tambaya a kan tsatsar kwanon rufi, ku yi haƙuri, wasiƙunku suna hannu, da su za mu fara a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A ci gaba da rubuto mana, a kuma riƙa rubutu da kyau yadda zai karantu.